Telolinmu, Wa Ya Cinye Aljihun Wando?

Duk wanda ya fara kawo yayin rage wa wandon ofis aljihu ya cuce mu, kuma ban yafe ba. A wurin aikinmu doka ce, daga Litinin zuwa Alhamis sai ƙananan kaya: riga mai dogon hannu, a yi zanzaro, a ɗaura bel, a sa takalmi sau-ciki. Juma'a kaɗai ake sakar mana mara mu sa kaftani. To a sauran kwanakin ba ni da inda zan ajiye wayata a jikina hankali kwance, alhali ofishin da ya kafa dokar kayan shi ne kuma ya ce duk lokacin da aka kira ni dole in ɗauka.

Waya girma take yi, aljihu kuma ƙanƙancewa. Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, Nokia 3310 da ake ji da ita tsawonta bai cika inci huɗu da rabi ba. Yau je ka Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka duba abin da ke cikin gilashi, Tecno ce, Infinix ce, Samsung ce, akasarinsu sikirin ɗinsu inci 6.6 ne zuwa 6.8, jikin wayar kuma ya kai wajen inci shida da rabi, ban da gidan roba da za ka saka mata don kar ta fashe. Kowa ya san wannan. Telan da ke ɗinka maka wando irinta ce a hannunsa, da ita yake nuna maka hoton ɗinki. Amma in ya zo yanka aljihu sai ya yi kamar bai taɓa ganin waya ba.

Ga inda cutar take, don na sa tef na auna da hannuna. Bakin aljihun wandon ofis a karkace yake, daga ƙugu ya gangaro wajen inci shida. Wannan duk buɗe yake, ba ya riƙe komai. Abin da ke riƙe waya shi ne abin da ya rage a ƙasan bakin. In tela ya yanka ƙyallen aljihun gaba ɗaya inci tara, inci uku kacal ke nan ya bar maka, rabin wayarka a waje take ta gefe. Kana tsaye ba ka gane komai. Da ka zauna cinya ta miƙe, aljihu ya kwanta, nauyin waya ya koma wajen bakin, sai ta sulale ba ko sallama. In kuma wandon ɗamamme ne, irin fensir ɗin nan da ya cika kasuwa, to ba faɗuwa za ta yi ba, tokare maka ƙashin ƙugu za ta yi har ka kasa sunkuyawa ka ɗaure igiyar takalmi.

Na zaga shagunan kayan kanti har ƙafata ta gaji. Ka ɗauki wando, yadi mai kyau, launi mai kyau, ka zura hannu a aljihu, yatsunka su taɓo ƙasa tun wuyan hannu bai shiga ba. Ka yi magana, yaron shago ya ce, "Yallaɓai ai shi ake yayi yanzu, in aljihu ya yi zurfi ɓata tsayuwar wandon yake." Wace tsayuwa? Ni hoto zan je ɗauka ko aiki? Na baya kuwa abin haushin ya fi. Wani za ka ga baki da maɓalli tsaf, ka ɗauka irin wanda ake ɗaurewa da zare ne a masana'anta don ka warware da kanka, ka sa reza ka farke, ka tarar babu komai a ciki. Zane ne kawai. An karɓi kuɗin wando mai aljihu huɗu an ba ka mai biyu, su ma biyun ragaggu.

Wandon da ke da aljihu na gaske akwai shi, mai aljihu shida ɗin nan da ke da manya biyu a cinya. Sa shi ka shiga ofis ka gani, kafin ka kai teburinka an kira ka an tambaye ka ko gyaran janareta ka zo. A gwanjon Ƙofar Wambai kuma akan dace da tsofaffin wanduna masu tattara a gaba, aljihunsu har tsakiyar cinya, da ƙyalle mai kauri. Sai dai dace ne. In ƙugu ya yi, ƙafa ta ɗage. In ƙafa ta yi, yadin na ƙasar sanyi ne, wanda in ka sa shi a zafin Afrilu na Kano kafin azahar ka dahu.

Sai na ce bari in koma wajen tela, tunda shi awona zai ɗauka. Na sayi yadi a Kwari, na kai, na zaro wayar na ɗora masa a kan keken ɗinki. Na ce, "Malam, ka ga wannan? Ina so ta shige gaba ɗaya, in na zauna kar ta leƙo." Ya ce, "An gama, Alhaji, ai wannan ƙaramin abu ne." Ya rubuta ƙugu, ya rubuta cinya, ya rubuta tsawo da baki. Aljihu bai rubuta komai ba. Bayan alƙawarin da aka saba, yau gobe, babu wuta, yaro bai zo ba, na karɓi wando. Aljihun nan dai shi ne, irin wanda hannunsa ya saba yankawa tun yana koyo. Kuma da wani shafi marar nauyi kamar takardar ƙunshin tsire, wanda mukulli ɗaya ya isa ya huda shi. Da na koma sai ya ce wai yadin ne bai isa ba. Yadin wando daban, ƙyallen aljihu daban! Abin da ake magana a kai bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowane gefe, guntayen da ke zube a ƙarƙashin teburinsa sun fi haka.

Abin da ya fi ƙona min rai, wannan telan dai shi ke ɗinka min kaftanin Juma'a, kuma aljihun gefensa yana ɗaukar waya, da fawa-bank, da carbi, da mukullan mota, ka zauna ka tashi ba abin da ya motsa. Babbar rigar iyayenmu aljihun ƙirjinta kaɗai ana zuba littafi da goro da kuɗin cefane. Ke nan ba iyawa ce babu ba. Da an ce wandon Turawa ne sai a kwaikwayi hoton waje kawai, a manta mutum ne zai sa.

Masu cewa wannan ƙorafin marasa aikin yi ne, ku lissafa. A bayan adaidaita sahu gwiwa a sama take, ga ramukan titi, waya ta zame ta faɗa bayan kujera, kai ka sauka ka tafi. Wajen alwala tsugunawa ake yi, kuma ƙasan wurin ruwa ne. Ka ce bari ka mayar da ita aljihun riga, kana yin ruku'u ta fito ta daki tayil, jam'i guda ya ji ƙarar. Ka sa ta a baya, ko ka zauna a kanta ko ɗan sane ya taya ka ɗauka a cunkoson kasuwa. Saura ka riƙe ta a hannu, a garin da ƙwacen waya ya sa mutane suka rasa rayukansu, inda kowa ke gargaɗin ɗansa kar ya fito da waya a titi bayan magariba. An gudu ba a tsira ba. Kuma wayar nan ba ta kira kaɗai ba ce yanzu. Bankinka na ciki, lambar sirrin da ake turo maka kafin taransifa a kanta take shigowa, saƙonnin oga a WhatsApp suke. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, waya mai ɗan dama-dama kuwa ta haura haka nesa. In ta ɓata, ban da kuɗin sabuwa, ga layin dawo da sim, ga rufe asusu, ga kwanaki kana ba mutane haƙuri.

An ce in riƙa yawo da jaka. Ina da jaka, kwamfuta ce a ciki. Da ita zan shiga banɗaki, ko da ita zan sauka ƙasa in karɓo saƙo a bakin get? An ce in sayi irin gidan fatar nan da ake maƙalawa a bel. Na gode.

Kuma in na ce mu maza mun shiga uku, abokan aikinmu mata dariya suke mana. Su siket ɗinsu da doguwar rigarsu sau da yawa ko zanen aljihun ma babu, masu sa wando a ƙarƙashin doguwar riga kuma nasu ko katin ATM da ƙyar. A 2018 wata mujallar intanet ta Amurka, The Pudding, ta auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20, ta samu aljihun gaban na mata ya gaza na maza tsawo da kashi 48 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga mace da fayil a hannu ɗaya, waya a ɗaya, tana tura ƙofa da kafaɗa.

Saboda haka telolin Kano, ga awon, ku rubuta a littafin nan naku kusa da ƙugu da cinya: zurfin aljihu inci goma sha biyu daga ƙugu, bakin kar ya kwanta da yawa, ƙyallen ya zama auduga mai kauri, a bi ƙasansa da ɗinki sau biyu. Ku ƙara kuɗin a kan na ɗinki, zan biya ban ce uffan ba. Amma cikon kuɗi ba zai fito ba sai na sa wandon a shagon, na zura wayata, na zauna a bencinku, na tashi, na tsuguna a gaban yaranku. In ta leƙo, a nan zan cire shi ku farke ku sake.