Kowane tsiro da inda aka tsayar da shi

Wallahi yau da safe a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas na ji maganar da ta tsaya min a rai. Ana sauke buhunan dankalin turawa daga motar Jos, wani ɗan uwanmu ya zuba wa maƙwabcinsa ido don shi kayan suka zo wa, sai cewa ya yi wai "tare fa muka shigo Legas, da me ya fi ni?" Subhanallah. Haba malam, ai dankalin nan ma ya ishe ka wa'azi.

Me ya sa sai daga Jos ake kawo shi, ba a noma shi a Agege? Don Jos a kan tudu take, sama da mita 1,200, shi kuma sanyi yake so. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa ganyen shayi ke yi a kan tsaunin Mambila can Taraba. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5,895, gindinsa ayaba ce da kofi, ka ƙara hawa sai daji mai duhu don nan ruwan sama ya fi zuba, kana kaiwa wajen mita 3,000 manyan itatuwa su tsaya cak, ba katanga ba mai gadi, sanyi ne kawai ya tare su. Daga nan sai gajerun tsirrai da ciyawa, sai tsakuwa, can ƙoli sai ƙanƙara. Allah ya faɗa a Suratul Hijri aya ta 19, ya kafa duwatsu a ƙasa ya tsirar da komai a cikinta bisa awo.

To naka rabon ne za a bari babu awo?

Wane ya sayi sabon mashin ranka ya ɓaci. Wane ya kama shago a Idi-Araba ka kasa barci, wance ta sa hoton lefenta a WhatsApp ke kuma kin wuni kina tsaki. Ba cewa na yi ka kwanta ba, fita da asuba ka nemi halalinka, yi addu'a Allah ya ƙara maka, amma don girman Allah ka bar jin zafin abin da aka ba wani. 'Yan uwa mu ji tsoron Allah, a baƙon gari muke, junanmu kaɗai gare mu. In ka ga kayan ɗan uwanka sun iso ka ce masha Allah, ka kama masa buhu. Don Allah mu daina, don Allah. Ya Allah ka wanke mana zukatanmu daga hassada.