Jif Ɗina da Ƙafarta Guda Gajera

Wata uku jif ɗina ta yi tana da ra'ayin kanta. Ni ina so mu miƙe gaba, ita hankalinta yana dama. Da na ɗan sassauta riƙon sitiyari, kafin in ƙirga biyar ta fara sulalewa gefen titi kamar akuyar da ta hango ɗanyar ciyawa. Har kafaɗata ta soma tsami saboda kokawar da muke yi kullum.

Titi na fara ɗora wa laifi, kuma da hujjata. Ana shimfiɗa kwalta ne da ɗan tudu a tsakiya don ruwan sama ya gangara gefe, shi ya sa kowace mota takan ɗan karkata. Na zayyana wa matata wannan da muryar injiniyoyi. Ta ce, "To Maigida, su sauran motocin wane titin suke bi?" Na yi kamar ban ji ba. Washegari na sami fili shimfiɗaɗɗe na saki sitiyari, ta kama hanyar dama abinta.

Sai iska. Mota takan ja ɓangaren da tayarsa ta yi laushi, don haka da sassafe, tayoyi sun huce, na bi su da geji ɗaya bayan ɗaya. Duk huɗun daidai suke da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Gaskiya har na ji daɗi. Mota irin wannan, mai jan ƙafa huɗu, ai ba ta yi kama da mai ciwon iska ba. Babba sai babban ciwo.

Na koma kan birki. Idan kalifa, wato ƙarfen da ke damƙe faifan birki, ta maƙale tana matse faifai, motar za ta riƙa ja wajen, kuma wannan ƙafar za ta fi 'yar'uwarta zafi. Masu hankali tafin hannu suke karawa kusa da ƙafar su ji hucin. Ni kuwa, daga tsayawa, na zura yatsa ta tsakanin ƙarafan wili na dangwali faifan da kansa. Ƙarar da na saki har kare ya amsa. To amma bincike ba ya cika sai an kwatanta, ko ba haka ba? Na zagaya hagu na zura ɗaya yatsan. Zafinsu ɗaya. Birki lafiya ƙalau, yatsuna biyu ne suka kwanta jinya.

Daga nan zargina ya faɗa kan fowil ɗin kanta, wato tsarin jan ƙafa huɗu. Na ja ƙaramin giyan zuwa 4H, inda ƙafafu huɗun duka ke ja, a kan busasshiyar kwalta, wai gwaji. A kwanar farko sitiyari ya yi tauri, tayoyi suka hau kuka suna tsalle. Irin tawa, da an sa 4H gaba da baya sun ƙulle wuri guda, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin tafiya. A yashi ko taɓo taya takan ɗan zame ta huce, kwalta kuwa ba ta yafiya. Giyan ma ya ƙi fita sai da na yi ta ja da baya, masu wucewa suna leƙena.

Ranar da na isa gareji, ban bari bakanike ya gama amsa sallama ba. Na ce, "Malam, alaimen ne. Ko kamba ko kasta, kuma na fi zargin kastan dama ya ragu, don mota tana bin gefen da nasa ya yi ƙasa." Alaimen dai saitin tsayuwar ƙafafu ne, kamba da kasta kuwa kusurwoyin da ake aunawa a cikinsa. Ya dube ni, ya dubi yatsuna da ke naɗe da filasta, bai ce komai ba. Ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama gefe da gefe ya sake girgizawa. Boljoyin da tayarod, mahaɗan da ke haɗa ƙafa da jikin mota da sitiyari, babu motsi, boris ba ya gurnani.

"Yallaɓai, bari mu sauya wa tayoyin gaba wuri, ta dama ta koma hagu."

Na ce a raina, aikin banza. Muka fita gwaji, na saki sitiyari. Karon farko cikin wata uku, jif ta nufi hagu.

"Ka gani? Ciwon taya ya bi."

Yaronsa ne, wanda ko gemu bai fara ba, ya durƙusa ya goge gefen tayar da tsumma yana karantawa da ƙarfi. Uku an rubuta 265/70 R17, ita kuma 265/65 R17. Lambar tsakiyar nan tsayin gefen taya ce idan an auna da faɗinta, wato a tsayinta gaba ɗaya wannan tayar ta gaza sauran da fiye da santimita biyu da rabi. Ashe ɗingishi baiwar Allah take yi. Bakanike ya ƙara da cewa taya gajera a irin wannan mota tana wahalar da giyoyin ƙafafu, balle ga mai sa 4H a kwalta. Ban gaya masa na yi ba. Ban san yadda ya sani ba.

Nan take na harzuƙa. Wane ne ya sa mini wannan taya? Na kira gida, na ƙure murya yadda kowa zai ji, na ce a nemo mini ƙanina da ya ari motar.

Matata ta ce, "Wane ƙanin? Ba kai ne ka sa safaya daren da muka yi faci ana ruwa ba? Ni na riƙe maka tocila. Ka ce gobe za ka kai ta wurin mai faci."

Safayar da ta zo da motar tun ranar da na saya, ban taɓa duba lambarta ba.

Yaron ya zagaya baya ya zuge rigar tayar da ke rataye a ƙofa. Ga ta nan lamɓas, ƙusa tana ƙyalli a tsakiyarta.

Bakanike ya goge hannu a hankali. "Yallaɓai, kastan za mu fara dubawa, ko ƙusar?"