Yaron Shagon Kaset

Na daɗe a Amurka ina biyan kuɗin Netflix duk wata, amma sai kwanan baya na san asalin mutumin da ya daɗe yana yanke hukunci kan fim ɗin da za a zuba wa kuɗi a kamfanin. Ted Sarandos sunansa. Ba jarumi ba ne, ba darakta ba ne, ko digiri bai haɗa ba. Yaron shago ne, mai ba da hayar kaset a birnin Finiks na jihar Arizona. Daga bayan kanta ya zama mai kula da rassan shagon, ya koma harkar dillancin kaset, a 2000 kuma ya shiga Netflix, lokacin kamfanin ba ya komai sai aika faifan DVD ta gidan waya cikin ambulan. Shi ya amince aka sayi zango biyu na House of Cards tun ba a ɗauki ko fitowa ɗaya ba, shirin ya fito a 2013. A 2020 aka ɗora shi kan kujerar shugabanci tare da Reed Hastings, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin.

Ina gama karanta tarihinsa sai na tuna wani yaro a layinmu a Kano. Shagonsa bai fi ɗakin kaji girma ba, da wani littafi da ya sha maiƙo inda yake rubuta wanda ya karɓi kaset da ranar dawowa. Idan aka aiko yarinya daga gidan amarya, ba ya tambaya, ya san mai waƙa ake so. Idan dattijuwa ce ta aiko, sai ya laluɓo na kishiyoyi. Kafin furodusa ya san fim ɗinsa ya kwanta, yaron nan ya riga ya sani, don ga kaset ɗin can ƙura ta rufe shi. Wallahi ilimin da ya kai Sarandos inda yake ke nan, ba wani abu ba.

To ina yaron yake yau? Da na je gida an ce mini ya koma tuƙa adaidaita sahu. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata ta durƙushe, masu tura finafinai a waya suka gaje ta, aka yi ta kiransu ɓarayin fasaha. Ban wanke su ba, sun ci gumin mutane. Sai dai su ne ke zaune da mai kallo safe da yamma, kuma ban ga an jawo su kusa an tambaye su me ake nema ba. Sai da Izzar So ya tara jama'a a YouTube kafin da yawa su yarda cewa kasuwa ta tashi daga inda suka santa.

Mu fuskar da ke jikin fosta muke girmamawa. Da aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024 na yi murna, ya cancanta, ya daɗe yana ɗora yara a harkar. Amma kujerar gwamnati ce, naɗawa ake yi, sauke wa ake yi. Abin da nake nema shi ne kamfani mai tsani, wanda yaron shago zai taka daga ƙasa har sama. Ba na cewa nan aljanna ce. Blockbuster, kamfanin hayar kaset na Amurka mai dubban rassa, ya karye a 2010, yaran shagonsa suka watse kamar namu. Ɗaya dai daga cikin irinsu ya sami wanda ya zaunar da shi ya ce, gaya mini me mutane ke kallo.