Ba kowace kansar mama ce sai an yanke nono ba

Wata maƙwabciyarmu ta ji kullutu kamar ƙwayar gyaɗa a nononta na hagu, ta ja bakinta ta yi shiru. Shekara guda tana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, don an ce mata daji ba ya son ƙarfe, kuma in ta je asibiti yanke nonon za a yi. Ranar da aka kai ta, wurin ya fashe, hammata ta kumbura. Abin da take gudu shi aka yi mata.

Abin da ke ci mini rai, likitanci ya daɗe da wuce inda tsoronta ya tsaya. Tiyatar da William Halsted ya yaɗa a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 takan kwashe nono da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata baki ɗaya. A 1981 Umberto Veronesi a Milan ta Italiya, sannan Bernard Fisher a Amurka a 1985, suka nuna cewa in kullutun ƙarami ne, ana iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye, a bar nonon, a bi da gashi, wato haska wurin da na'ura don ƙone ragowar ciwon (radiotherapy). A 2002, bayan bibiyar matan shekara 20, ba a ga bambancin tsawon rai tsakaninsu da waɗanda aka yanke wa ba. Hammatar ma yanzu akan sa rini a gano kaluluwar farko da ciwon zai fara kaiwa a gwada. In lafiya take, a ƙyale sauran, hannu ya tsira daga kumburi.

Sai dai aikin yana da sharaɗi biyu: a zo da wuri, kuma a samu gashi. Mafi yawan matanmu sai ciwo ya yi nisa suke zuwa. Injinan gashi kuwa ƙalilan ne, a irin su Zariya, Sakkwato da Abuja. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai. Likitan da ya san mace ba za ta iya makonni tana jeka-ka-dawo zuwa wurin gashi ba, ya ce a cire duka, ba mugunta ya yi ba.

Shi ya sa nake ganin a daina tsayawa kan “ki duba nononki” kawai. A faɗa wa mata ƙarara, a rediyo da wurin awo da Islamiyya, cewa wadda ta zo da wuri tana iya komawa gida da nononta. Gwamnatoci kuma su sayi injin da zai gaskata maganar, su ware kuɗin gyaransa.