Daren Belfast da safiyar Juma'a: sharholiyar matasan 'yan ƙwallo a kan sikeli

A daren Alhamis, 1 ga Fabrairun 2024, ina cikin waɗanda suka cika wani gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi saboda hunturu, ana jiran Manchester United ta kara da Wolverhampton. Tun kafin a take leda wani magidanci da ke zaune a bencin gabana yake ta sababi a kan Marcus Rashford, ɗan wasan gaban United, yana cewa yaron ya lalace, kuɗi sun ruɗe shi, kuma da shi ne koci ko jesi ba zai bari ya sanya ba. Ba a cika minti biyar da fara wasa ba Rashford ya lanƙwasa ƙwallo daga bakin gidan mai tsaron raga ta faɗa ciki. Mutumin nan ya haye benci da hularsa a hannu yana kiran sunan wanda ya gama tsine wa, da ya sauko kuma ya shaida wa na kusa da shi cewa in dai haka yaron zai riƙa yi, to ya tafi Belfast kowane mako.

Abin da ya jawo sababin kuwa, mako guda kafin wannan wasa an ga Rashford a gidajen rawa na Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, har cikin daren Alhamis. Da gari ya waye ranar Juma'a bai halarci atisaye ba, aka ce ya aiko cewa ba shi da lafiya. Ranar Lahadi, 28 ga Janairu, United ta je ta doke Newport County da ci 4-2 a gasar kofin FA ba tare da shi ba, kocinsa na lokacin, Erik ten Hag, ya ce magana ce ta cikin gida kuma shi zai magance ta. Daga baya ƙungiyar ta sanar da cewa ɗan wasan ya karɓi laifinsa, an rufe batun, jaridun Ingila kuma suka ruwaito cewa an ci shi tarar albashin mako biyu.

Tambayar da ake ta maimaitawa duk lokacin da irin wannan ta faru ita ce ko abin da matashin ya yi abu ne da aka saba gani ga mai shekarunsa, ko kuwa alamar lalacewa ce. Kafin a amsa, ya kamata a raba hukunci biyu da muke yawan cakuɗawa. Ga mai karatu Musulmi, matsayin giya da raye-rayen dare ba abin muhawara ba ne, kuma ba shi ne wannan sharhi zai sake aunawa ba. Abin da ake muhawara a kansa a Ingila, inda lamarin ya faru, shi ne ko ma'aikacin da jikinsa ne jarinsa yana da 'yancin holewa kamar sauran sa'o'insa. Idan aka tsaya a kan shekaru kawai, amsar ba ta da wuya. Saurayi ɗan shekara 26 ya fita gidan rawa da abokansa a Manchester ko Belfast abu ne da dubban ɗalibai da ma'aikatan ofis suke yi kowane ƙarshen mako ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dube su ba. Ga shi kuma yawancin waɗannan 'yan wasa ba su ci ƙuruciyarsu a lokacinta ba. Rashford yana ɗan shekara 7 ya shiga makarantar horar da yara ta United, yana da 18 ya ci ƙungiyar Midtjylland ta Denmark ƙwallo biyu a wasansa na farko a Fabrairun 2016, bayan kwana uku ya ƙara zura wa Arsenal biyu, daga nan duniya ta sa masa ido ba ta sake ɗaukewa ba. Wanda aka tsara wa abin da zai ci da lokacin da zai kwanta tun yana firamare, ranar da ya samu kuɗi da sarari ba abin mamaki ba ne ya nemi inda zai sarara.

Sai dai ni a ganina shekaru ba su ne ma'aunin da ya dace ba, kuma labarin Jack Grealish ya fi komai nuna dalili. A ranar 10 ga Yunin 2023 Manchester City ta doke Inter Milan da ci ɗaya mai ban haushi a Istanbul, ta haɗa kofi uku a kaka guda. Grealish, wanda City ta saya daga Aston Villa a kan fam miliyan 100 a 2021, ya shafe kwanaki yana shagali a bainar jama'a, daga Istanbul zuwa tsibirin Ibiza na Sifaniya, ya dawo Manchester ya hau motar zagayen nuna kofi babu riga, ruwan sama na dukansa, kwalba a hannu. Abin da ya sha a waɗannan kwanaki kowa ya gani, amma ƙungiyarsa ba ta hukunta shi ba, magoya baya ma dariya suka riƙa yi suna yaɗa hotunan. To amma wannan Grealish ɗin dai, shi da Phil Foden, kocin City Pep Guardiola ya ajiye su a benci a wasan Newcastle a Disambar 2021, bayan sun fita holewa a daren da City ta lallasa Leeds da ci 7-0, ya kuma fito fili ya ce yana lura da halayen 'yan wasansa a ciki da wajen fili. Mutumin ɗaya ne, kocin ɗaya ne, shagalin na watan Yuni ma ya ninka na Disamba. Abin da ya bambanta shi ne kalanda: na Disamba ya faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da ake wasa kusan duk bayan kwana uku, na Yuni kuma ya zo bayan an gama aiki.

Wannan bambanci ba son zuciyar koci ba ne, jiki ne ya shar'anta shi. Ɗan wasan da ya yi gudun kilomita goma ko fiye a minti 90 tsokokinsa na bukatar kwanaki kafin su warware, kuma mafi yawan gyaran a cikin barci yake faruwa. Giya tana ƙarar da ruwan jiki, tana ɓata barci ko da mutum ya daɗe a kwance, tana kuma rage saurin da tsoka ke murmurewa. Ko wanda bai sha komai ba, idan ya raba dare a tsaye cikin kiɗa, abin da ya rasa na barci zai biyo shi filin atisaye. Ma'aikacin banki da ya kwana a gidan rawa zai iya lallaɓa ranarsa a kan kujera da kofin shayi mai kauri, amma ɗan gaban da ake so ya tsere wa mai tsaron baya da taki ɗaya ba shi da inda zai ɓoye gajiya, kuma ƙungiyoyin yanzu suna maƙala wa 'yan wasa na'urorin da ke ƙirga kowane gudu da suka yi a atisaye.

Shi ya sa nake ganin babban laifin Rashford ba a daren Alhamis yake ba, a safiyar Juma'a yake. Da ya yi shagalinsa a daren da washegarinsa hutu ne, da labarin bai wuce hoton jarida na kwana ɗaya ba. Abin da ya mayar da shi laifin aiki shi ne abokan wasansa sun fito atisaye shi bai fito ba, sannan uzurin da aka kai wa koci ya zo daidai da lokacin da hotunan Belfast ke yawo a wayoyin mutane. Ƙungiyar ƙwallo taron matasa ne masu kuɗi da ji da kai, kuma abin da ke riƙe su wuri ɗaya shi ne yarda cewa doka ɗaya ce a kan kowa. Idan wanda yake cikin mafiya albashi, wanda ya sabunta kwantiraginsa zuwa 2028 watanni shida kacal kafin nan, zai iya tsallake atisaye ya kwana lafiya, da wane baki koci zai tsawata wa yaro ɗan shekara 18 da ya makara gobe?

Duk da haka, mu 'yan kallo ba mu da hurumin yin tinƙaho da wannan hujja, domin ba da ita muke hukunci ba. Da ƙwallaye muke yi. A ranar ƙarshe ta 2022 Ten Hag ya ajiye Rashford a benci saboda barci ya kwashe shi ya makara zuwa taron 'yan wasa, ya shigo bayan hutun rabin lokaci ya ci ƙwallon da ta ba United nasara a gidan Wolverhampton, aka mayar da maganar abin raha, domin a kakar nan ƙwallo 30 ya ci. Bayan wata goma, da ya fita bikin zagayowar ranar haihuwarsa a daren da City ta ci United 3-0 a Old Trafford, kamar a cinye shi ɗanye, Ten Hag da kansa ya ce abin ba karɓaɓɓe ba ne. A gaskiya makara zuwa taron 'yan wasa ta fi kusa da saɓa dokar aiki a kan fita biki bayan an tashi wasa, amma fushin jama'a ya bi sakamako ne, bai bi girman laifi ba. Magidancin gidan kallonmu bai yi wani abu dabam da abin da manyan jaridu ke yi ba, shi dai nasa sauyin ra'ayin minti biyar ya ɗauka.

Wannan ɗabi'a tana da haɗarin da ya wuce rashin adalci ga wanda tauraronsa ya dusashe, domin tana rufe ido ga wanda yake nutsewa alhali yana ci gaba da ɗaga kofi. Tony Adams yana da shekara 21 ya zama kyaftin ɗin Arsenal, ya jagorance ta ta lashe gasar Ingila a 1989. A Disambar 1990 aka ɗaure shi saboda tuƙi cikin maye, ya fito ya koma fili, ya sake ɗaga kofin a ƙarshen wannan kakar. Shekaru shida aka ƙara ana kallon shansa a matsayin halin mazan fama, a zamanin da 'yan wasan Arsenal ke da zaman mashaya na ranar Talata da kowa ya sani, har sai da shi da kansa ya fito a 1996 ya ce giya ta fi ƙarfinsa. A 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance domin kula da 'yan wasan da suka faɗa irin ramin da ya fito. Shi ya tsira. George Best, haifaffen Belfast ɗin da Rashford ya je holewa, bai tsira ba: yana da shekara 22 ya ci kofin Turai da United ya kuma karɓi kyautar Ballon d'Or a 1968, yana da 27 ya buga wa ƙungiyar wasansa na ƙarshe, aka yi masa dashen hanta a 2002, ya rasu a 2005 yana da shekara 59. A duk shekarun da yake yanke 'yan baya kamar almakashi, sharholiyarsa ado aka ɗauke ta, wani ɓangare na kwarjininsa. Ba ina cewa Rashford ko Grealish suna kan wannan hanya ba ne, babu wanda ya isa ya yanke irin wannan hukunci daga hoton waya. Abin da nake cewa shi ne cin ƙwallo ba shaidar lafiya ba ce, kamar yadda rashin cinta ba shaidar lalacewa ba ce.

Akwai kuma abin dariya a yadda wasu tsofaffin 'yan wasan Ingila, waɗanda yanzu suke sharhi a talabijin, suke kumfar baki a kan yaran yau. Laifi tudu ne. Gab da gasar Turai ta 1996 aka ɗauki hoton ɗan wasan Ingila Paul Gascoigne da abokansa a wata mashaya a Hong Kong ana ɗura musu barasa a baki, kuma wannan ya fito ne kawai don an yi dace da mai kyamara a wurin. Yau kowane mutum a gidan rawa mai kyamara ne. Duk wanda ya bi tarihin ƙwallon Ingila tun zuwan koci Arsène Wenger Arsenal a 1996, da yadda ya sauya cimar 'yan wasa ya kuma yaƙi al'adar mashaya, ya san cewa matasan yanzu sun fi magabatansu kamun kai nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙaru shi ne ido.

Wani zai ce ai ƙarshen labarin ya nuna inda gaskiya take, tunda Rashford ya gama kakar 2023/24 da ƙwallo 8 kacal, kocin Ingila na lokacin Gareth Southgate ya bar shi a gida lokacin gasar Turai ta 2024, Ruben Amorim, wanda ya gaji Ten Hag a United, ya cire shi daga tawaga a Disambar wannan shekarar, aka ba da shi aro ga Aston Villa, daga bisani Barcelona. Grealish ma bai je wannan gasa ba, kuma a 2025 aro ya tafi Everton. Labarin ya yi daɗin faɗa, shi ya sa nake ɗari-ɗari da shi. Kafin Rashford ya taka Belfast ƙwallo huɗu kawai ya ci a wata biyar, wato rabin abin da ya ci a duk kakar, sauran huɗun kuma bayan ya dawo ya ci su. Faɗuwar ta riga tafiyar. Ya fi kusa da hankali a ce mutumin da abubuwa suka cakuɗe masa a fili ne ya nemi mafaka a gidan rawa, a kan a ce dare ɗaya ne ya kwashe masa ƙwallo 22. Shi kansa Southgate, da aka tambaye shi dalilin barin Rashford, bai ambaci Belfast ba, cewa ya yi akwai waɗanda suka fi shi taka rawa a wannan kaka a gurbin da yake bugawa.