Duwatsunmu na nan, motar da za ta kai mu ce babu

Tun daga watan Oktoba na 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta al'adu da fasaha a ƙarƙashin minista guda, maganar da ta fi yawo a tarukan Abuja ita ce yadda za a jawo baƙi daga ƙetare su zo su kashe dala. Jihohi ma sun bi sahu, domin duk jami'in da ya tashi yin bayani a kan wani dutse ko wata magangarar ruwa da ke jiharsa, abin da ke bakinsa shi ne katafaren otal, da masu zuba jari, wani lokaci har da keken sama mai tafiya a kan igiyar ƙarfe irin na tsaunin Obudu da ke Jihar Kuros Riba. Abin da ke ba ni haushi shi ne da wuya ka ji ɗayansu ya tambayi yadda malamin firamare da ke zaune a Bukuru ko ɗalibar da ke karatu a Samaru za su isa gindin dutsen da ke kusa da su ranar Asabar, su taka shi da ƙafa, su dawo gida kafin magariba da kuɗin motar da bai fi ƙarfinsu ba.

Wannan tambaya ita ce tushen al'amarin, kuma ƙasarmu ta riga ta sauƙaƙa rabin amsarta. Da yawa daga cikin wuraren da suka fi dacewa da tafiyar ƙafa a Arewa suna bakin manyan tituna ne, inda motocin haya ke wucewa dare da rana. Duwatsun Riyom da suka ɗoru a kan juna ana hango su daga tagar mota a hanyar Jos zuwa Akwanga, kuma a kan wannan hanya ce magangarar ruwa ta Assop take, kusa da Hawan Kibo. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, yana tsaye ne a gefen titin Abuja zuwa Kaduna. Kufena na bayan Wusasa a Zariya, da ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa. Zane-zanen mutanen dā da ke jikin duwatsun Birnin Kudu suna kan hanyar da motocin Kano zuwa Bauchi ke bi. Tsaunukan Shere kuwa, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, suna gabas da Jos kaɗan, kuma a can ne makarantar horon jajircewa da aka fi sani da Man O' War ta daɗe tana koya wa matasa hawan dutse. A duk waɗannan wurare mota na wucewa ko tana zuwa kusa, amma fasinja bai san inda zai ce a sauke shi ba, bai san turbar da zai bi ba idan ya sauka, kuma ba shi da tabbacin samun motar komawa idan la'asar ta yi sanyi.

Saboda wannan giɓi ne hawan dutse, wanda ya fara karɓuwa a wajen matasan Abuja da Jos, yake neman zama sha'anin masu hali. Ana taruwa a wani gidan mai da sassafe, a jera motocin gida ko a ɗauki shatar bas, a biya kuɗin shiga ƙungiya, a je a dawo a saka hotuna a Instagram. Ba ni da wata matsala da waɗannan matasa, domin su ne suka nuna cewa akwai masu sha'awa. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta haura naira 1,000 a shekarar 2024, kuma duk wani nishaɗi da ya dogara da motar kai ko shata ya fita daga hannun mai ƙaramin albashi. Dutsen da Allah ya ajiye kyauta a bayan garinsu ya zama abin da yaro ke kallo a wayar wani.

Masu cewa mutanenmu ba su da al'adar yawo a kan duwatsu ba su taɓa ganin yadda yara ke cika Dala da Goron Dutse a ranakun Sallah ba, kuma sun manta cewa mutanen Sukur a Madagali sun shimfiɗe hanyoyin ƙafa da duwatsu tun kafin UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Ƙasashen da jami'anmu ke zuwa su dawo suna yabawa ba da otal suka soma ba. A Ingila, ma'aikatan masana'antu daga Manchester da kewaye ne suka haura tsaunin Kinder Scout a watan Afrilu na 1932 ba tare da izinin masu filin ba, aka ɗaure wasu daga cikinsu, kuma wannan gwagwarmaya tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a yankin Peak District a 1951. Talakawa ne masu hutun rana ɗaya a mako suka nemi haƙƙin taka karkara, kuma jirgin ƙasa da bas ne suka kai su bakin hanya. A Janairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade kuɗin yawancin tafiye-tafiyen bas a Ingila a kan fam 2, daga baya ya koma fam 3 a 2025, wanda ya sa doguwar tafiya zuwa ƙauye ta zama daidai da kuɗin zirga-zirgar cikin gari. A Suwizalan akwai turbobi masu alama da tsawonsu ya kai kusan kilomita 65,000, allunansu na nuna awa nawa tafiya za ta ɗauka da inda tashar mota ko ta jirgi take, kuma motocin gidan waya masu launin ɗorawa suna shiga har ƙananan ƙauyukan kan tsauni bisa jadawalin da kowa ya sani. Baƙon da ya zo daga waje da dalarsa ya tarar ne da tsarin da aka gina domin ɗan ƙasa, ya shiga ciki ya more.

Mu kuwa mun fara daga ƙarshe. Keken saman Obudu da aka kafa a zamanin Gwamna Donald Duke ya ci maƙudan kuɗi, ya yi suna na ɗan lokaci, daga baya ya shafe tsawon lokaci a tsaye saboda rashin kulawa. Duk da wannan darasi, har yanzu irin wannan aiki ne ke burge masu tsara kasafin kuɗi, kuma ina ganin dalilin a fili yake: allon nuna hanya da rumfar jiran mota ba su da kwangila mai tsoka, ba a kuma gayyato manyan baƙi a yanke musu kyalle. Aikin da talaka zai amfana da shi a wannan fanni ƙarami ne ƙwarai a ido, shi ya sa ba ya samun mai tsaya masa a majalisa.

Za a ce mini babu tsaro, kuma ba na raina wannan magana, domin jinin da aka zubar a Riyom da Barikin Ladi da Bokkos ba tatsuniya ba ne, haka ma halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga shekara da shekaru. Amma jami'in da ke kafa hujja da tsaro domin ya ƙi sa bas ɗaya, sannan ya juya ya ce Turawa za su zo su kwana a otal a wuri guda, ba gaskiya yake faɗa wa kansa ba. Mutum talatin da suka sauka daga mota ɗaya a lokacin da hakimi da 'yan banga da ofishin 'yan sanda suka san da zuwansu, suka bi turbar da aka shata tare da ɗan jagora haifaffen ƙauyen, sun fi aminci nesa ba kusa ba a kan samari uku da suka ɗauki acaɓa suka kutsa daji ba wanda ya san inda suka nufa. A kewayen Jos akwai wani haɗarin da ba na ɗan bindiga ba, wato kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi da ruwa mai sanyi, waɗanda suka sha cin rayukan matasa. Turba mai alama da jagora mai sanin ƙasa su ne maganin wannan. Wuraren da ba za su shigu ba a yanzu a bar su sai hali ya yi, a fara da waɗanda ke gefen gari.

Akwai kuma batun wanda kuɗin ke shiga aljihunsa. Mai zuwa da motarsa yana cika ta da abinci da ruwan gora daga kantin birni, ya je ya ci ya watsar da leda ya tafi. Wanda ya zo a bas dole ya sayi masa ko ƙosai a bakin tasha, ya sha fura da nono a wajen matan Fulani, ya biya yaron da ya nuna masa hanya, ya sayi dankalin Turawa ko rake zai koma da shi gida. Idan mutanen ƙauye suka ga amfanin baƙi a cikin tukunyarsu, su da kansu za su hana a farfasa dutsen a sayar wa masu gini, su kuma nuna inda gona take da inda burtali yake domin kada a taka wa kowa amfani.

Gwamnatin Filato ta riga ta zuba motocin Tin City Metro a titunan Jos a ƙarƙashin Gwamna Caleb Mutfwang, Kano na da Kano Line, Kaduna na da KSTA, kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW na da reshe a kusan kowace tasha. Abin da nake nema shi ne a ware mota ɗaya ranakun Asabar da Lahadi a lokacin rani, ta tashi daga Taminus a cikin garin Jos da ƙarfe 7 na safe ta bi ta Lamingo zuwa gindin Shere, ta koma ta kwaso mutane da ƙarfe 4 na yamma, a kan kuɗin da ɗalibi zai iya biya. A kafa alluna da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, a yi rajistar 'yan jagora a fadar mai gari, a liƙa jadawalin a tasha a kuma sanar da shi a rediyo. Idan ta karɓu a Shere, Zariya ta gwada da Kufena, Jigawa kuma ta gwada da Birnin Kudu.