Kalmar "hoax": daga filin siddabaru zuwa teburin mai fassara labarai

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin fassara labarai ya san cewa akwai kalmomin Turanci da ke hana mai fassara sakat, kuma "hoax", wadda ake furtawa kamar "hoks", tana cikin na gaba-gaba. Ƙamus zai ce ma'anarta yaudarar da aka tsara domin jama'a su gaskata abin da ba shi ne ba, sau da yawa da nufin wasa. Sai dai kalmar ta yi tafiya mai nisa daga inda ta faro, har ta kai yau tana rufe abubuwan da Bahaushe ba zai taɓa zuba su a kwando ɗaya ba. Ra'ayina shi ne kada mu nema mata fassara guda, domin yin hakan zai sa mu yi asarar bambancin da harshenmu ya riga ya tanada.

Masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa "hoax" ta fito ne daga "hocus", wadda ita kuma guntuwar "hocus pocus" ce, wato sambatun da masu siddabaru a Ingila suke yi lokacin da suke rufa wa 'yan kallo ido. An fara ganin "hoax" a rubuce wajen shekarar 1796, amma uwarta ta girme ta da fiye da shekara ɗari da hamsin. Wani marubuci ɗan Ingila, Thomas Ady, ya ba da labari a 1655 cewa a zamanin Sarki James akwai wani mai siddabaru da ya raɗa wa kansa suna Hocus Pocus, wanda yakan furta wasu kalmomi masu kama da Latin duk lokacin da zai yi dabara, domin hankalin mutane ya koma ga bakinsa su manta da hannunsa. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne manufar Ady, domin yana rubutu ne a zamanin da ake kashe mutane bisa zargin maita, yana ƙoƙarin nuna cewa yawancin abin da ake ɗauka sihiri saurin hannu ne kawai. A ƙarshen ƙarni na 17 kuma, John Tillotson, wanda ya zama babban limamin cocin Canterbury, ya ce sambatun gurɓataccen lafazi ne na "hoc est corpus", kalmomin Latin da limaman Katolika ke karantawa a ibadarsu. Ya faɗi haka ne cikin jayayyar addini da Katolika, shi ya sa masana da dama ke kallon bayanin nasa da taka-tsantsan.

Wannan asali yana da muhimmanci, domin tsakanin mai siddabaru da ɗan kallo akwai yarjejeniyar da ba a furta ba. Mai kallo ya san rufa-ido ake yi masa, ya biya kuɗinsa da son ransa, kuma zai koma gida ba tare da ya rasa komai ba. Misalin da ya fi riƙe wannan ruhi shi ne abin da BBC ta yi ranar 1 ga Afrilu 1957, lokacin da shirinta na Panorama ya nuna wani iyali a yankin Ticino na ƙasar Suwizalan suna tsinkar taliya daga rassan itatuwa. A wancan lokaci taliya baƙon abinci ce ga yawancin mutanen Birtaniya, saboda haka wasu suka bugo waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Ranar kanta rana ce da Turawa suka keɓe wa zolaya, gaskiya ta fito nan da nan, mutane da dama suka yi dariya. Wannan zolaya ce, irin wadda ke gudana tsakanin Bafulatani da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi, inda kowa ya san iyakar wasan kuma ba a tashi da gaba.

Amma kalmar ba ta tsaya nan ba. A watan Agusta na 1835 jaridar The Sun ta birnin New York ta buga jerin labarai cewa masanin taurari John Herschel, wanda a lokacin yake aiki a Afirka ta Kudu, ya hango mutane masu fukafukai irin na jemage a duniyar wata. Herschel bai san da zancen ba, an ari sunansa ne domin jarida ta sayu. Wannan ƙanzon kurege ne da aka yi don riba, kuma ya taɓa mutuncin mutumin da bai ji ba bai gani ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙoƙon kan Piltdown, wanda Charles Dawson ya gabatar a 1912 a matsayin ƙasusuwan wani tsohon jinsin ɗan Adam da aka haƙo a Piltdown, a yankin Sussex na Ingila. Sai a 1953 bincike ya tabbatar cewa ƙoƙon kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran, aka rina ƙasusuwan don su yi kama da tsofaffi. Shekara 41 masana suna ɓata lokaci a kan wannan haɗi. Turanci yana kiran wannan da sunan da yake kiran wasan taliya, alhali mu zamba za mu ce, ba tare da wata tantama ba.

A 'yan shekarun nan kalmar ta sake samun wani aiki, inda ta zama makami a bakin 'yan siyasa. Shugaban Amurka Donald Trump ya sha kiran sauyin yanayi "hoax", haka ma binciken da aka yi kan katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016. A irin wannan amfani, mai magana yana zargin wasu ne da ƙulla makirci, don haka mai fassara da ya rubuta "wasa" ko "zolaya" ya kauce wa ma'ana gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a ce ya kira lamarin ƙage ko shiri, kuma a jingina maganar gare shi a fili domin kada mai karatu ya ɗauka hukuncin jaridar ne.

Inda na fi jin nauyin wannan batu shi ne abin da ya faru a Najeriya a watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare saƙo ya bazu ta wayoyin hannu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar, 'yan uwa suka riƙa tayar da juna daga barci don kai wannan gargaɗi, domin kowa yana ganin taimako yake yi. An kwantar da mutane a asibiti, kuma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Jaridun Turanci sun kira saƙon "hoax", kuma a ƙa'idar harshensu ba su yi kuskure ba. Amma kalmar da har yanzu take ɗauke da ƙanshin filin siddabaru ta yi wa wannan lamari sauƙi da yawa, domin babu wanda ya yarda a rufa masa ido, kuma babu lokacin da aka yaye labule aka yi dariya tare.

Saboda haka, idan kalmar ta zo gaban mai fassara, ya kamata ya tambayi kansa ko wanda ya shirya abin yana da niyyar bayyana gaskiya daga baya, ko akwai wanda ya ci riba, ko kuma akwai wanda ya cutu. Amsar ce za ta nuna masa ko zolaya zai rubuta, ko ƙanzon kurege, ko ƙage, ko zamba, ko damfara. Game da saƙon ruwan gishiri kuwa, ni ƙarya mai kisa zan rubuta, kuma zan sa ta a kanun labarin.